Inda Mota Take Sauya Murya

Litinin, damina ta kankama

Zuwa ga ɗan ƙanena, Fasinja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka na ɗakin gwajin jini. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Gwaggonka ta sake kumbura, tana jan ta daga ɗaki zuwa madafa tana yi mini faɗa kamar ni na hura mata ita. Ni kuwa bayan nan ne, sai ido. Na hagu ya yi ritaya, na dama yana aikin rabin rana. Shi ya sa ka ga baƙaƙen nan manya-manya kamar na allon gefen titi. A can na koye su, ba a aji ba, don haka kada ka yi mini dariya.

Na san za ka ce me ya hana Baffa ya kira. Ka san abin da ya hana. Wata bakwai ke nan wayata tana kwance cikin gwangwanin madara, kuma nan za ta tsufa. Ranar nan na kira ka ina zaton da kunnenka nake magana, ashe ka haɗa wayarka da motarka, muryata tana fita ta ƙofofi huɗu. Na saki baki na ce matarka ta raba ka da gida, shekara uku ba ka taka ƙofarmu ba. Sai na ji muryar mace kusa-kusa ta ce, “Ina wuni, Baffa.” Shekarata saba'in da shida ban taɓa roƙon ƙasa ta tsage in shige ba sai ranar. Mutum ya yi magana da ɗansa, mota ta yi shela. Takarda ba ta yin haka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Direban bas ɗin da zai miƙa maka wannan ya gaya mini a tasha cewa an kakkafa turaku masu jan fenti a gefen tsohuwar hanya, wadda muke bi da manyan motoci kafin a yi sabuwa. Za a faɗaɗa ta. Da ruwa ya ɗauke katafila za ta shigo. Ya ce ya tambayi shugaban ma'aikatan, ya ce masa duk kabarin da aka nuna musu da alama za su kewaye shi, wanda ba a nuna ba kuwa ba su da ido a ƙarƙashin ƙasa.

Fasinja, mahaifinka yana gefen hanyar nan. Shekara talatin da huɗu. Kana da shekara uku lokacin, kana barci a kujerar gingimarita ba ka biyan ko kwabo, har sunan ya bi ka. Mu biyar muka rufe shi a wurin, don gari ya yi nisa kuma rana ta yi zafi. Huɗun sun riga ni. Kullum ina cewa sai ka girma in kai ka, ka girma na ce sai an samu lokaci, yanzu ga lokaci babu baya. Likita ya ce in na zauna a mota kwana biyu, a kwance za a sauke ni. Kai kuwa daga inda kake aiki tafiyar awa uku ce.

Ka saurara. Ka kama tsohuwar hanya daga mararrabar da ake sayar da itace. Ka wuce gadar ƙarfe, wadda farantanta suke kaɗawa in taya ta hau. Daga gadar ka yi tafiyar rabin awa. Za ka ga tsamiya a hannun dama, wadda ta karkata kamar tana leƙen wani abu. Yana nan bayanta.

Ka je ka sa alama kafin su iso. Ban taɓa roƙonka komai ba.

Ka gaida yaran. Ita ma ka gaishe ta, in za ta amsa.

Baffanka

*

Lahadi

Baffa,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso hannuna ranar Alhamis. Allah ya ƙara muku lafiya, kai da Gwaggo. A ce mata ta rage gishiri, ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Mu duk lafiya, sai gajiyar aiki, mu biyu ne a ɗakin da ya kamata a ce mu shida ne. Uwar yara ta amsa gaisuwa. Ta ce in gaya maka ita ta daɗe da mantawa.

Jiya Asabar na je. Bari in faɗa maka yadda abin yake, don ka daina ganin kamar aljani ne. Akwai allo ɗan ƙarami a gaban mota. In na haɗa wayata, taswirar da ke cikinta sai ta fito a allon, wata murya ta riƙa cewa yi dama, yi hagu. Ba sai na riƙe waya a hannu ina tuƙi ba. Amfaninsa ke nan.

Matsalar ita ce taswirar ba ta san tsohuwar hanya ba. Mararrabar itace yanzu gidan mai ce. Da na sauka daga sabuwar kwalta sai allon ya nuna motata tana yawo a fili fetal, muryar tana ta cewa in juya in koma. Na rage mata sauti na ci gaba. Gadar tana nan, farantanta suna kaɗawa kamar yadda ka ce. Na duba agogo, na yi rabin awa cif. Baffa, inda na tsaya gonakin rake ne hagu da dama, ko inuwar da akuya za ta fake babu. Na yi gaba, na yi baya, na tambayi mutum uku. Ba wanda ya san tsamiya mai karkata.

Kada ka damu. Akwai hotunan sama a cikin wayar, zan zauna in bi hanyar itace bayan itace. Ba sai mun ƙara wahalar da kai ba, ka huta.

In da za ka ciro wayarka daga gwangwani, da abin ya zo da sauƙi.

Ɗanka, Fasinja

*

Laraba, kwana goma bayan taka

Fasinja,

Gaisuwa. Muna nan yadda ka san mu. Gwaggonka ta ce ta ji batun gishiri, ta ce kai ma ka rage wayo.

Na karanta takardarka da gilashin da mai gyaran agogo ya ara mini. Na kai wurin “ba sai mun ƙara wahalar da kai ba, ka huta”, na ajiye ta. Kwana huɗu ban sake taɓa ta ba. Haka mai motar da na yi wa tuƙi shekara ashirin da biyu ya ce mini ranar da ya karɓi makulli. Ka huta. Wato an samu matar cikin allo, tsoho ya matsa gefe. Tela maƙwabcina ya ce, “Haba Direba, yaron nan tausayinka yake ji.” Na ce masa ya ji da ɗinkinsa, wandon da ya yi mini ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

To bari in tambaye ka. Rabin awa da gudu nawa? Na san ka, na san irin motocinku. Ka hau kwalta ka sake ta kamar ana bin ka da wuƙa. Ni da na ce rabin awa, rabin awar gingimari nake nufi, ɗauke da buhunan gishiri har sama, tana nishi, mai keke yana wuce mu yana ɗaga mana hannu. Allurar gudu ba ta taɓa haye ashirin ba a wurin nan. Ka zarce wurin tun kafin matar cikin allon ta gama gyaran murya. Gonakin rake da ka gani, mu sai bayan la'asar muke isa can.

Laifina ne ta wani gefen, na yarda. Ban taɓa auna hanya da kilomita ba. Ni hanya a jikina take. Na san inda sitiyari yake karkarwa, inda ake tsayawa a ba lagireto ruwa, inda kwalta take wari in rana ta take. Mutanen da suka san wannan lissafi duk sun kwanta, ban lura ba sai da ka aiko mini da rake.

Ka koma. Daga gada kada ka wuce tafiyar da mutum zai yi da ƙafa cikin awa ɗaya da rabi. Hanya za ta fara hawa. Ka duba dama.

Hoton sama kuma, wanda ya ɗauke shi bai san abin da yake nema ba. Daga sama duk itace ɗaya ne.

Batun waya ka bar shi. Na ce a'a.

Baffanka

*

Lahadi

Baffa,

Ina gaisuwa. Wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba. In na ce ka huta, hutun nake nufi. Ka yafe mini.

Na koma jiya, a hankali kamar mai rakiyar amarya. Na auna, kilomita bakwai zuwa tara daga gada. Ka yi gaskiya, hanya tana hawa. Amma Baffa, hawa uku ne a jere, kowanne da gangarensa, kuma duk kamarsu ɗaya. Tsamiya babu. Wani mai kiwo ya ce masu gawayi sun share itatuwan wurin tun shekara goma da suka wuce, ko kututture ba su bari ba. Ciyawa ta kai mini ƙirji. Na shiga gefen hawa na farko na yi ta tattakawa har azahar, ban san ko a kansa nake tafiya ba. Wannan tunanin ne ya fitar da ni.

Na zauna a mota na buɗe ƙofa. Allon yana nuna ni ɗigo ɗaya a tsakiyar babu. Ban san fuskarsa ba, Baffa, sai hoton nan guda na lasin. Ban zaci abin zai dame ni haka ba.

Na ga turakun. Na ga katafila biyu an ajiye su wajen gada an lulluɓe da tamfol. Mai gadinsu ya ce sati shida, in ruwa ya yi musu kirki biyar.

Wane hawa ne cikin ukun? Akwai abin da ka tuna ban da itacen? Ko dutse, ko kwalbati, ko me. Ba ni da hutu sai Asabar, kuma Asabar ɗin ba su da yawa.

Ɗanka

*

Juma'a da safe

Fasinja,

Muna lafiya. Ka karanta wannan kai kaɗai, a zaune.

Ka tambaye ni wane hawa. Na sani. Tun takardar farko na sani, na ba ka itace don itace ba shi da baki. Yanzu an sare shi, ba ni da abin ɓuya a bayansa.

An gaya maka haɗari ne. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, haka na gaya mata, ba ta ƙara tambaya ba. Ba ƙarya ba ne, amma ba duka ba ne.

Mahaifinka shi ne abokin tafiyata, yana koyon tuƙi a hannuna. A hawa irin wannan, aikinsa ya sauka ya bi motar a ƙasa da weji, guntun katakon nan da ake cusa wa bayan taya in mota ta tsaya, don kada ta koma baya. Aikina ni kuma in sauko da giya daga ta biyu zuwa ta ɗaya a daidai lokacin da injin ya sauya murya. Akwai wuri guda a hawan da yake yin haka, kamar mutum ya ɗauki kaya ya ce wash. In ka sauya kafin nan ka yi asarar gudu, in ka bari ya wuce ta mutu a hannunka. Na yi shi sau ɗari. Har kirari ake mini a tasha a kan wannan.

Ranar mun yi faɗa tun safe. A kan me? A kan ya bar tulun ruwa a inda muka kwana. Tulu, Fasinja. Ina tuƙi ina leƙa madubi ina ci gaba da zaginsa, yana tafe a ƙasa yana dariya, don shi haka yake, ba a iya faɗa da shi. Injin ya yi maganarsa ban ji ba, bakina ya rufe mini kunne. Da na farga na taka kuloci, giya ta ƙi shiga. Motar ta tsaya, ta fara komawa. Birki bai riƙe gishiri ba. Ya yi abin da na koya masa, ya durƙusa ya cusa weji. Ya riƙe ta kuwa, da ba don shi ba da ni da motar muna cikin kwazazzabo. Amma sai da ta taka taku ɗaya a kansa kafin ta tsaya.

Bai daɗe ba. Ya ce in kula da Fasinja. Bai ce komai a kan tulu ba.

Hawa na biyu ne. Daga inda injin yake sauya murya, taku talatin zuwa dama. Na kafa wani karyayyen ƙarfen sifirin ƙasan mota a wajen kansa, na buga shi da guduma har saura kamu ɗaya a waje. Masu gawayi ba sa cin ƙarfe.

Sai dai hawan yana da tsawo, kuma ban san yadda zan nuna maka wurin a takarda ba. Ba ido ne ya san shi ba, kunne ne. Motarka kuma an ce ita take sauya wa kanta giya, ba ta shawara da kowa.

Shekara talatin da huɗu ina cewa ni ne mai riƙe da tarihin gidanmu, wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Wannan guda ɗaya na danne. In ka ga ba za ka sake rubuto mini ba, ba zan ce ka yi laifi ba. Amma ka je ka sa alamar. Shi bai yi maka komai ba.

Baffanka

*

Talata, sati uku ba amsa

Fasinja,

Ina fata lafiya. Mu muna nan.

Kullum da hantsi ina zuwa tasha in zauna a bencin masu lodi. Direban bas ya fara kauce wa idona. Jiya ya ce, “Baba, wallahi na ba shi hannu da hannu.” Na ce na sani.

Gwaggonka ta tambaye ni me na rubuta maka da na daina cin abinci. Na gaya mata. Ta ce ta sani tun shekarar, wai ina faɗin abin cikin barci. Ka ji. Mutum ya yi ta dakon abu a ɓoye, ashe ana kallonsa.

Ruwa ya fara tsallake kwana uku-uku a nan. Ban san can ba.

Ba amsa nake nema ba. Layi ɗaya ya isa: an sa, ko ba a sa ba.

Baffanka

*

Alhamis

Baffa,

Ina gaisuwa, ina gaida Gwaggo. Takardunka biyu suna gabana.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Kwana tara ban iya ɗaukar biro ba. Na yi fushi, ban ma san da wa ba. Na je hawa na biyu ni kaɗai sau biyu, na yi ta sara ciyawa, ban samu komai ba sai ƙaya. Daga nan abokin aikina ya kwanta rashin lafiya, na koma kwana a asibiti. Shirun ba duka fushi ba ne, rabinsa gajiya ce.

Uwar yara ce ta zaunar da ni. Na ba ta takardar ta karanta, ka yi haƙuri. Ta ce, “Wa ya kai ka makaranta ranar farko?” Na ce Baffa. “Wa ya sayar da rediyonsa ya saya maka takalmi?” Na ce Baffa. Ta ce, “To tashi ka nemi biro.”

Ban gama tunani ba, Baffa. Wataƙila ba zan gama ba. Amma ni Fasinjanka ne, wannan bai sauya ba.

Katafila sun fara aiki daga gada. Asabar ta sati mai zuwa ce ta ƙarshe da nake da ita. Ka ce kunne ne ya san wurin. To kunnen yana wurinka. Ka ciro wayar, ka ba tela ya yi mata caji. Ƙarfe goma na safe zan kira daga bakin gada, in sauke gilasai, ka ji hanyar da kanka. Na yi maka alkawari ni kaɗai zan kasance a motar.

Ɗanka

*

Litinin

Fasinja,

Na ji. Waya tana wurin tela.

Kada ka zo kai kaɗai. Motar da ba kaya ba ta faɗin gaskiya a hawa. Ka sa buhun siminti uku a but, da bulo goma sha biyu, da jarkar ruwa biyu, dama za ka buƙace su. Ka ɗauko matarka da yaran duka uku. Su zauna, su yi nauyi, su ji. Na gaji da zama mutum ɗaya da ya sani.

Baffanka

*

Lahadi, bayan la'asar

Ɗana Fasinja,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya, kuma bayanka bai ƙulle ba saboda aikin bulo. Ƙafar Gwaggonka ta ɗan saɓe. Ni ma da sauƙi.

Kun ga naku gefen, bari in ba ka nawa, don a waya ban iya ba.

Tun ƙarfe takwas na sa tela ya kashe kekensa. Ya ce, “Direba, ina da ɗinkin mutane.” Na ce yau mutane su sa tsofaffin kaya. Na zauna a ƙofar shagonsa, Gwaggonka a kan kujera kusa da ni, waya a kunnen dama.

Da kuka hau gada na ji farantan nan, kaf, kaf, kaf-kaf, na huɗun yana da saurin baki kamar dā. Hannuna ya tashi da kansa yana neman sandar giya. Shekara goma sha biyar rabona da sitiyari. Sai matar allo ta sa baki wai ku juya ku koma, na ji ƙaramar 'yarka ta ce, “Yi shiru, Kaka yana magana.” Ka saya wa yarinyar nan wani abu, ka ce daga ni.

Na ce maka kada gudu ya haye ashirin, ka ce motar za ta yi kuka, na ce ta yi. Hawa na farko ta haye shi tana gunaguni. Muka gangara. Da kuka kama na biyu na rufe idon da ya rage. Ba wanda ya yi tari a motar, na gode musu. Ina jin tsakuwa a ƙarƙashin taya, ina jin siminti yana jan ta baya. Injin ba irin nawa ba ne, muryarsa siririya kamar ta ɗan birni, amma hawa bai san wannan ba. Ta ja, ta ja, sai ta ce wash, ta sauko da giyarta.

Ka ce ihun da na yi ya sa ka taka birki har bulo ya zube. Tela ma ya zubar da allurai. Wannan karon na ji, Fasinja. Na ji a kan lokaci.

Sai kuka fita kuka bar ni a motar, ƙofofi a buɗe. Ba ka sani ba, ka manta wayar tana haɗe. Na zauna ina jin iska, da wani tsuntsu, da muryoyinku suna nisa, kana ƙirga taku da ƙarfi. Takunka ya fi nawa tsawo, na so in gaya maka, ba mai ji. Na ji adda tana cin ciyawa. Aka daɗe. Gwaggonka ta ce me ake ciki, na ce ban sani ba. Na fara cewa a raina ko masu tsintar ƙarfe sun riga mu.

Sai na ji adda ta bugi wani abu da ba dutse ba.

Daga nan ba na jin kowa. Can sai ga takun mutum yana dawowa, kujera ta yi ƙara, aka ja numfashi. Muryar nan dai da ta ce mini ina wuni wata tara da suka wuce ta ce, “Baffa, kana ji na? Mun same shi. Ƙarfen yana nan a tsaye.” Na buɗe baki in ba ta haƙurin da nake ta shiryawa tun bara, abin da ya fito kawai shi ne, “Sannu, 'yata.” Ta ce, “Sannunmu, Baffa.” Ka gaya mata sauran, kai ka iya magana.

Ka ce shugaban ma'aikatan ya zo ya gani, ya sa an matsar da turaku. Alhamdu lillahi. Ka ce kuma ka sa alama a taswirar, ka rubuta “Baba”, ko yaranka suka girma suka hau wata motar za ta kai su har wurin. Ban gane yadda ɗigo yake riƙe wuri ba, kuma ban yarda da matar allon nan ba har yanzu, wadda ba ta taɓa canza taya ba. Amma yanzu ku biyar ne kuka sani, ita ta shida. Ka riƙa kai su duk da haka. Ka sa su rufe ido a hawa na biyu.

Jiya bayan azahar na kwanta a tabarma, ban farka ba sai da rana ta yi ja. Gwaggonka ta ce sau biyu tana zuwa tana kara hannu a hancina. Ta ce ban ce komai ba cikin barcin.

Hannuna ya gaji, gilashin ma mai shi yana nema. Wayar ba ta koma gwangwani ba, tana kan taga. Ka kira ranar Juma'a in ka tashi daga aiki. Ba sai ka faɗa mini wa ke cikin motar ba.

Baffanka